Baffa Mai Kauce wa Karkashi

Ina Lakwaja na tsaya shan shayi, motar shanu tana bayana, sai ga wayar Yaya. Yaya shi ne babban ɗan Baffa, Baffa kuwa wan mahaifina ne, kuma a hannunsa na tashi a Utai. Da na ji Yaya ya taƙaita gaisuwa, bai tambayi hanya ba, bai tsokane ni da maganar tumbina ba, na ajiye kofin tun kafin ya faɗa. Ya ce Baffa ya cika ɗazu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ara mana shi ya karɓi abinsa. Na miƙa wa abokin tuƙina makulli, na tsallaka titi na tari motar da ta fuskanci Arewa. Jana'iza kam ban same ta ba. Sai washegari na sauka a Wudil, na hau mashin zuwa gida.

Duk hanya ina ta shirya fuskar da zan shiga da ita. Ina isa ƙofar gida sai na tarar da dattawan gari a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya, suna kare baki da hannun riga. Dariya suke yi. Da suka gan ni aka gyara zama, aka yi min gaisuwa yadda ya kamata, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, aka shafa fatiha. Ba a jima ba wani tsoho, abokin Baffa tun suna yara, ya kasa riƙewa.

"Allah ya jiƙansa, amma fa gaskiya a faɗe ta," in ji shi. "Ni tun da nake zuwa gayya, ban taɓa ganin ranar da mutumin nan bai zo na ƙarshe ba."

"Ko sau ɗaya," wani ya amsa. "Mu mun kai ƙarshen gona, mun sha fura, mun wanke ƙwarya, shi yana can tsakiya yana gaisawa da karkashi."

"To yau dai ga shi ya riga ku," in ji liman, bai ko ɗaga kai ba.

Aka dubi juna. Sai kuma aka sake fashewa, wasu suna dariya suna share ido.

Cikin gida kuwa ba wurin sa ƙafa. Na durƙusa na gaida Inna, matar Baffa, tana ɗaki ta shiga takaba. Na gaida Gwaggo, yayarsa, wadda har ya mutu da furfurarsa "yaron nan" take ce masa. Amma yawancin matan da ke tsakar gidan ban san su ba. Tsofaffi ne, wasu daga Kausani, wasu har daga Sabon Gari suka biyo mota. Wata ta kama hannuna da hannayenta biyu.

"Kai ne mai motar?"

"Ni ne, Iya."

"Allah ya jiƙan babanku. Ni ban taɓa magana da shi ba ban da sannu da aiki. Amma tun da maigidana ya rasu, damina ba ta taɓa same ni da tuwo babu miya ba."

Ta kusa da ita ta ce, "Yanzu sai mu ga wanda zai bar mana."

Abin da take nufi na gan shi da idona da na zagaya bayan rumbu zan yi alwala. Famfon feshi ne, irin wanda ake goyawa a baya, an jingine shi, ga robar maganin ciyawa sabuwa kusa da shi. Yaya ya biyo ni da buta, ya ga inda nake kallo.

"Kada ka fara," ya ce. "Firi, noman farko, shi da kansa ya tsaya aka yi. Lokacin maimai ya zo, ciwo ya kwantar da shi, muna ta zaryar asibiti. Je ka ga gonar, harkiya ta kusa haɗiye dawar. Yarana suna Kano suna jan keke mai ƙafa uku, bayana kuma ka san labarinsa. 'Yan ƙwadago ko ka same su, wa zai tsaya yana kauce maka ganye? Ana gama sadakar uku, washegari zan fesa."

"Maganin zai kashe har da karkashin?"

"Magani yana tambayar sunan ganye ne? Direba, da me Inna za ta ci miyar in babu tuwo?"

Gaskiyarsa ce. To amma ku tsaya in gaya muku wane ne Baffa, don ku san abin da ke cikin gonar nan.

Ni dai na yi yawo. Na ga gonakin koko a ƙasar Yarbawa, na ga fadamun shinkafa a Kabi, na ga albasa a Nijar an jera ta kamar da igiya aka auna. Ban taɓa ganin gona mai hargitsi irin ta Baffa ba. Gero da dawa suna nan a kan kunyoyinsu, lafiya lau. Amma tsakaninsu, nan karkashi, can lalo, gefe gasaya, bakin iyaka tafasa. Babu wanda ya shuka su, da kansu suke fitowa, a cikin taki ko daga irin bara. Kowa in yana noma sharewa yake ya wuce. Baffa sai ya karkata fartanya, ya zagaye ganyen, har ya ɗan tura masa ƙasa a gindi. Baƙi yake ce musu.

"Hatsi ni na shuka, nawa ne," haka yake cewa. "Wannan kuwa ban gayyace shi ba, ya zo. Wanda ya aiko shi ya san wa ya aiko wa."

Shi ya sa gonarsa ba a neman izinin shiga. Tsohuwa ko yarinya, duk wadda ta zo da ƙwarya ta tsinka, ta ci ɗanye, ta shanya na rani. Sharaɗinsa ɗaya ne, a tsinki ganye, kada a tuge saiwa. In ya hango mace ta shigo, sai ya koma can ɗaya gefen ya ba ta baya, wai kada ta ji nauyi.

Wayyo, damina a gidan nan! Tun rani ake fara ta, mu yara muna bin jaki da mangalar taki, muna faɗa a kan wanda zai hau a dawowa. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, ba a tashin kowa, ƙamshin ƙasa ne yake tashinka. Baffa a gaba da sungumi yana sara, mu a baya muna jefa iri muna takewa da diddige, laka har gwiwa. Hantsi ya yi, sai ka hango ƙwaryar Inna tana tahowa a kan wata yayarmu, fura da nonon da aka karɓo a rugar bayan gari. Na sha lemo mai sanyi a manyan garuruwa, wallahi ban sake jin abin da ya ratsa ni kamar furar nan a gindin kuka ba. In gero ya fara ido, Baffa ne yake karyo na farko, ya gasa mana tumu, yana murzawa a tafin hannu yana hurawa, mu mun zagaye shi baki buɗe kamar 'yan tsaki. Ga kamun fara, ga haƙar gafiya bayan girbi, ga satar hanya zuwa kogi a yi wanka a dawo ido jawur ana rantsuwa ba a je ba.

Amma kafin maƙeri ya ƙera maka ƙaramar fartanyarka, sai ka ci jarrabawar Baffa. Zai tsugunar da kai a tsakiyar gona, ya nuna wani ɗan tsiro da bai wuce farce ba.

"Wannan ciyawa ne ko miya?"

In ka yi shiru, sai ya tsinko ganye ɗaya ya ce ka murza da yawu. In ya yi yauƙi, karkashi ne ko lalo. In ka ce miya alhali ciyawa ce, sai ya ce, "To madalla, yau Inna za ta dafa maka shi kai kaɗai." Mu yi ta dariya har da birgima. Bai taɓa dukan yaro a gona ba. Tsokana ce bulalarsa, kuma ta fi zafi.

Gayya kuwa, ku yaran yanzu ba ku gan ta ba, kun yi asara. Mai gona zai gayyaci gari, a yi tuwo da fura, samari su jeru kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana bin su a baya da ganga. Ana sakin kiɗa sai ka ga ƙasa tana tashi, kowa yana son ya riga kowa fita, 'yan mata suna bakin gona suna kallon wanda zai yi na ɗaya. Baffa fa ƙaƙƙarfa ne, dami biyu yake ɗauka. Amma ko a gonar wani, in ya iso kan karkashi sai ya kauce. Makaɗi ya zo kansa ya yi ta zuga shi, ya kira kakanninsa kaf, Baffa ko a jikinsa. Wata rana makaɗin ya gaji, ya sauke ganga ya ce, "Don Allah in je in ci tuwo in dawo, zan same ka a nan?" Baffa ya ce, "Je ka, ka taho min da nawa."

Mu yara abin yana ba mu haushi. Muna son a ce babanmu ne gwarzo. Na taɓa yi masa ƙorafi a hanyar gida, ya dube ni ya ce, "Wanda ya yi na ɗaya ɗazu, da me aka yi masa miya jiya?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Tambayi Inna wa ya shiga gonarmu shekaranjiya."

Rigimarsa da Yaya ma a kan haka ce, kuma ita ce rigima ɗaya da na san sun yi. Shekarar da maganin ciyawa ya shigo gari, Yaya ya aro famfo ya fesa gefe ɗaya na gandu bai gaya wa kowa ba. Kwana kaɗan wurin ya yi fes, dawa tsaye ita kaɗai, gwanin kyau. Baffa ya je ya gani, ya dawo gida. Da aka kawo tuwon magariba zaure, kowa kwanonsa da miya, na Yaya tuwo ne tsura.

"Inna ta manta miya," in ji Yaya.

"Ba ta manta ba," in ji Baffa. "Taka tana gona, ka fesa mata magani."

Yaya, magidanci da 'ya'yansa, ya tashi ya bar zauren. Sun yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Gwaggo ce ta zo ta zaunar da su, ta ce wa Baffa, "Kai yaron nan, ɗan naka da yunwa za ka kashe shi a kan ganye?" Aka rabu a kan Yaya ya yi yadda ya ga dama a gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, amma gandu, muddin Baffa yana numfashi, sai fartanya. Kuma a faɗi gaskiya, gayaunar Yaya ta fi ba da hatsi. Baffa da kansa yake faɗa, yana ƙarawa da cewa, "Sai dai ba mai zuwa gaishe ta."

Ni kuma da na fara tuƙi, duk dawowar da zan yi sai na zauna ina ba shi labarin duniya, gadoji, teku, gidaje masu hawa kan hawa. Zai saurara har in gaji, sannan ya yi tambayarsa guda: "A can da me suke miya?" Ranar da na gaya masa lalon nan da muke takawa, a Ikko shuka shi ake yi, a ɗaure a kai kasuwa, manyan mutane suna layi a kansa, Baffa ya tashi zaune. Ya sa na maimaita. Ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta ji. "Kin ji baƙona ya yi suna a Kurmi," yana faɗa yana buga cinya. Sati guda duk wanda ya zo zaure sai ya ji labarin, kuma kullum layin mutanen yana ƙara tsawo.

To, wannan ita ce gonar da za a fesa.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an fara watsewa, Gwaggo ta dogara sandarta har bakin zaure ta sa aka kira mata Yaya. Ina wurin. Na ɗauka faɗa za ta yi.

"Gobe za ka fesa?"

"Gobe, Gwaggo, in Allah ya kai mu."

"Gonarka ce yanzu, ban hana ka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bari sai hantsi. Matan nan su shiga su tsinki abin da ya samu, su yi sallama da wurin."

Yaya ya ce wannan ai ba komai. Gwaggo ta juya ciki, na ji tana cewa a gaya wa kowa, kowa ta gaya wa maƙwabciyarta.

Washegari da hantsi muka nufi gona, Yaya da famfo a baya, ni da jarkar ruwa ina haki. Muna shan kwanar burtali muka tsaya cak. Gonar cike take da mata. Tsofaffi, zawarawa, 'yan mata da ƙannensu a goye, ko'ina ka duba baya ne a sunkuye da ƙwarya a gefe. Gwaggo tana gindin kuka a kan tabarma kamar mai jiran gaisuwa. Ni dai ban san gonar Baffa tana ciyar da gidaje haka ba, kuma daga fuskar Yaya, shi ma bai sani ba.

Muka matsa. Tsohuwar nan da ta kama hannuna tana bakin iyaka, ƙwaryarta ko rabi ba ta yi ba.

"Iya, ba ku gama ba?" in ji Yaya.

"Ɗan nan, me za a tsinka? Dubi, duk bai isa ba. Ciyawa ta danne shi." Tana magana hannunta yana tuge harkiyar da ta kewaye wani ɗan karkashi. Ta share masa wuri tas, ta tura masa ƙasa a gindi, ta matsa gaba.

"Iya, ai yanzu zan fesa. Wahalar me kike yi?"

"Na sani. Hannun ne ya ƙi wucewa."

Muka duba sosai, ashe duk haka suke yi. An zo tsinka, an ɓuge da cirar ciyawa da hannu. Yaya ya daɗe a tsaye. Ya gyara igiyar famfon a kafaɗa, ya sake gyarawa. Can sai ya taka zuwa gindin kuka, ya sauke shi kusa da tabarmar Gwaggo.

"Gwaggo, da gangan kika yi."

"Ni? Ni da ko gani ba na yi sosai."

Ya juyo gare ni. "Kai direba, hannun nan naka ya san wani abu ban da sitiyari?"

"Gwada ni."

"To kira gida. Duk wanda ya zo gaisuwa bai tafi ba, a ba shi fartanya."

Jama'a, ku zo ku ga gudu. Yaran Yaya da suke shirin komawa Kano suka zo da kekensu cike da fartanyoyin aro. 'Yan uwanmu na birni suka tuɓe manyan riguna suka rataye a reshe. Dattawan nan masu dariya a ƙarƙashin darbejiya suka iso ɗaya bayan ɗaya, kowa da tsohuwar fartanyarsa a kafaɗa, har da liman. Wani ya kawo maganar a nemo ganga, Gwaggo ta ce makoki ake, a kama kai. Ba a ma buƙaci gangar ba, don bakin tsofaffin nan ya fi ta. Suka shiga gabanmu, kowace tana gadin abin da ta share.

"Kai mai mota, ƙafarka. Lalo ne nan."

"Na gan shi, Iya."

"Ka gan shi da wannan tumbin? Kai ko yatsunka ba ka gani."

Wani ɗan ƙanina, haihuwar birni, ya zage yana aiki, ashe dawa yake sharewa yana barin harkiya, don ita ta fi masa kyan ganye. Aka kama hannunsa ana dariya, aka haɗa shi da wata yarinya 'yar Utai tana nuna masa. Tsohon abokin Baffa ya yi sara kaɗan ya dafe ƙugu ya ce, "Ashe kaucewar nan ta fi noman wuya." Da aka fita kunyar farko, wata tsohuwa ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, sai ta tuna, ta mai da shi salati. Inna tana ɗaki ba ta fita, amma da labari ya kai mata ta sa aka dama fura aka kawo. Na sha, na kwanta rigingine a gindin kuka, tafin hannuna duk ya yi bororo, ina dariya hawaye yana shiga min kunne.

Ba mu gama a ranar ba. Washegari mutane sun ragu, amma an koma, an kai ƙarshe. Dawa ta fito fili tana kaɗawa, baƙin Baffa suna tsakani kowa da ɗan filinsa.

Da za mu taho, Yaya ya ɗauki famfonsa, maganin yana nan ba a buɗe ba. Ya tsaya gaban Gwaggo.

"Bana dai an yi. Baɗi ban yi alkawari ba, Gwaggo. Jama'ar nan mutuwa ce ta tara su, ba kullum za a samu ba."

"Ban ce ka yi alkawari ba," ta ce, tana miƙa min hannu in tashe ta. "Kai dai duk ranar da za ka fesa, ka bari sai hantsi."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya kauce wa ƙananan abubuwa a bayan ƙasa, Allah ya sa azaba ta kauce masa. Ya ba Inna haƙuri, ya ƙara wa Yaya ƙarfin baya, mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.